Lambar da Na Rantse Ba Ta Rabuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Hajara, a gidan yayanta a Nguru.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kuma hanyar Jajimaji ba ta jijjiga miki ƙasusuwa da yawa ba. Allah Ya sa kin iske yayanki da maiɗakinsa da yara cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki a sauran tafiyar da ke gabanki zuwa Kano, Ya sa ki shiga jami'a da ƙafar dama. Innarku tana gaishe ki, ta ce kin manta kwalbar yajinki a kan murfin randa, ga ta nan an haɗo miki da wannan takarda ta hannun direba.

Sau uku na ɗauki waya zan kira ki, sau uku ina ajiyewa. Abin da ke bakina ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na koma ga biro da takarda, sana'ata ta dā.

Na ga takardarki, wadda kika soke a cikin tsohon littafina mai baƙin bango kafin ki tafi tasha. Jiya bayan la'asar na buɗe shi ina neman wani abu daban, sai ta faɗo a cinyata. Layi uku kawai kika rubuta: "Baba, ka raba lambarka da goma sha bakwai. Ka yi haƙuri. Yaya bai san na rubuta wannan ba."

Wallahi abin da ya fara zo mini fushi ne. Na ce wato yarinyar nan ko ƙofar jami'a ba ta gani ba, har ta fara gyara wa ubanta lissafi, uban da ya shekara talatin da alli a hannu. Na jawo fensir na gyara zama a zaure, niyyata in nemo inda kika yi kuskure in aika miki, ki san har yanzu da sauranki. Na rubuta lambar kamar yadda na saba, uku guda takwas a jere, sai ɗaya a ƙarshe: 333,333,331. Na fara rabawa layi-layi. Sha bakwai cikin talatin da uku, ɗaya, saura sha shida. Na sauko da uku, na ci gaba. Ina tafe ina murmushi, don na tabbata a ƙarshe za a sami ragowa. Da na sauko da ɗayan nan na ƙarshe, abin da ya rage a gabana hamsin da ɗaya ne. Hajara, ko ɗan aji uku ya san sha bakwai sau uku hamsin da ɗaya ne. Babu ragowa. Ko ɗaya babu.

Fensirin ya suɓuce daga hannuna. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake yi daga farko, amsar ba ta canza ba: 19,607,843. Na ninka wannan da sha bakwai ko Allah zai sa ta ƙi komawa, sai ga lambata ta dawo cif. Na zauna ina kallon bangon zaure, gumi yana keto mini kamar wanda ya yi noma, har aka kira magariba.

Kin san lambar tun kina ƙarama, don babu ɗan gidan nan da ban sa ya haddace ta ba. Amma ba ki san yadda na samo ta ba, kuma ba ki san abin da na aikata saboda ita ba, sai dai in yayanki ya gaya miki, ni kuwa na san ba zai gaya miki ba. To yau zan faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun ina makarantar horon malamai na kamu da son lambobin nan da ba sa rabuwa da komai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha ɗaya da sha uku. Ni na sa musu suna gagararru, yara kuma suka ɗauka. A wata tsohuwar takarda na ga an jero waɗansu: 31, 331, 3331, haka ana ƙara uku ɗaya a gaba har guda bakwai, kowacce gagararriya. A nan jerin ya tsaya. Maimakon in tambayi kaina me ya sa mai jerin ya tsaya a ta bakwai, sai na ce kasala ce ta hana shi ƙarasawa. Na ƙara uku ɗaya da hannuna, na sami ta takwas, miliyan ɗari uku da talatin da uku da dubu ɗari uku da talatin da uku da ɗari uku da talatin da ɗaya, na ce wannan tawa ce.

Ba wai ban gwada ta ba sam. Na gwada. Mara ce, ba cika ba, don haka biyu ba ta raba ta. In kika tara alƙalumanta za ki sami ashirin da biyar, don haka uku ba ta shiga, balle tara. Ba ta ƙare da sifili ko biyar ba, biyar ta fita. Na raba da bakwai, saura biyu. Na raba da sha ɗaya, saura ɗaya. Na raba da sha uku, saura shida. Daga nan hannuna ya gaji, aka kawo mini tuwo, na rufe littafi na ce ai magana ta ƙare. Gagararriyar da ke bin sha uku ita ce sha bakwai. Taki ɗaya ya rage tsakanina da gaskiya, na tsaya cin tuwo, kuma ban sake komawa ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ki riƙe shi da kyau tun da lissafin za ki karanta. Inda kika gaji daban, inda aiki ya ƙare daban. In kin tsaya a sha uku, ki rubuta a fili cewa a sha uku kika tsaya, kada ki ce kin gama. Babu abin kunya a cewa "iya nan na kai". Da na faɗi haka tun farko, da wani ya ɗora daga inda na ajiye.

Na biyu kuma ya fi wannan muni, don shi ne ya ba ni ƙarfin halin rufe littafin. Na ga abu ya faru sau bakwai a jere, sai na rantse a kan na takwas. Lambar ta yi kama da 'yan'uwanta, ta fito daga gidansu, sai na ce halinsu ɗaya. Kin san yadda mutanenmu na bakin kogi suke cewa ruwa bai taɓa wuce gindin tsamiyar can ba, har shekarar da zai wuce ya shiga ɗakuna. Abin da ya faru sau bakwai dalili ne na ki yi zato, amma bai isa ki rantse ba. Haka ma mutane. Za ki haɗu da 'yan gari kaza da 'yan ƙabila kaza a makaranta, za a ce miki duk haka suke. Ki gwada kowa da kansa kafin ki yanke masa hukunci.

Za ki ce yaya aka yi shekaru babu wanda ya kama ni? Kalkuletar da muke da ita a lokacin gida takwas take ɗauka, lambata kuwa gida tara ce, ba ta shiga. Har alfahari nake yi da haka a aji, ina cewa ta gagari injin Bature. Daga baya da wayoyi suka cika gari, na riga na zama Malam Adamu mai lissafi, wanda ba a ja da shi. Wa zai ɓata lokacinsa? Mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya gwada ta da hannunsa.

Shekara ashirin da biyu ke nan, ba a haife ki ba. Ranar raba kyaututtuka ce a makarantar da nake koyarwa a nan Gashuwa. An kafa rumfa, iyaye sun cika, ga alhazan kasuwa a kujerun gaba da manyan rigunansu, ga malaman unguwa. Hedimasta ya ce in nuna wa baƙi wani abin burgewa. Aka fito da allo waje, na rubuta lambata da manyan alƙaluma, na juyo na ce, "Jama'a, wannan lamba, na rantse da Allah, duk duniya babu abin da zai raba ta sai ɗaya ko ita kanta." Aka yi ta tafi.

Sai na ga hannu a sama daga layin 'yan ajina. Yayanki ne, yana da shekara goma sha huɗu, siriri, wandonsa ya ɗage masa. A makaranta Malam yake ce mini kamar kowa, amma ran nan don ɗoki ya manta. Ya miƙe da littafinsa a hannu ya ce, "Baba, sha bakwai tana raba ta. Na yi jiya, ga shi nan."

Wani Alhaji a gaba ya yi dariya ya ce, "To fa, Malam, yau ɗa ya kayar da uba ke nan?" Dariya ta tashi daga rumfa har bakin ƙofa.

Hajara, allo yana bayana, alli yana hannuna. Minti biyar ya isa. Da na juya na yi rabawar nan a gaban jama'a, da yaron nan ya zama abin kwatance a garin nan, ni kuma da an ce Malam Adamu ya haifi wanda ya fi shi, wanda shi ne burin kowane uba mai hankali. Amma ban ji lamba ba, dariyar Alhaji kawai na ji. Na fizge littafin, ban duba ba, na zaro jan biro na ja masa gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Sannan na sa aka kawo bulala. Na ce tun da sha bakwai ya faɗa, sha bakwai zan yi masa. Na yi masa su a gaban rumfa, ina ƙirgawa da ƙarfi. Bai yi kuka ba sai a ta goma, kuma ko a lokacin abin da yake cewa shi ne, "Baba, ka duba kawai."

Shekara ashirin da biyu ina ba kaina labarin nan a matsayin ranar da na koya wa yaro ladabi. Tun jiya na san abin da ya faru a zahiri: na doki ɗana don ya faɗi gaskiya, bayan na yi rantsuwar ƙarya da sunan Allah a bainar jama'a. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce mafi tsada a duk wannan takarda. Wata rana za ki tsaya a gaban mutane, wanda bai kai ki ba zai ɗaga hannu ya ce kin yi kuskure. Za ki ji zafi ya taso miki daga ciki, kunnuwanki za su ɗauki ɗumi. Kada ki yi magana a wannan lokacin. Ki karɓi littafin ki duba. In ya yi kuskure babu abin da kika rasa, in kuwa ke kika yi, ki faɗa da bakinki kafin ki bar wurin.

Da yamma ran nan Innarku tana gasa masa baya da ruwan zafi, ta ɗago ta ce mini, "Malam, ka gwada abin da yaron ya faɗa mana, ko don ransa ya yi sanyi." Na ce mata, "Ke kuma me kika sani a lissafi ban da mudu da tiya?" Ba ta sake tayar da zancen ba. Wannan ma kuskure ne mai zaman kansa. Allah Ya aiko mini dama ta biyu a cikin gidana, inda babu Alhaji babu rumfa, na watsar don ta fito daga bakin wadda ba ta yi boko ba. In kin yi digiri, ki kiyayi wannan cuta, tana kama masu takarda fiye da kowa. Wanda bai san aikinki ba yana iya sanin halinki.

Yara suka laƙaba wa yayanki Sha-Bakwai, suna bin sa da shi har bakin kogi. Ƙarshen zangon nan ya ce ba zai koma makaranta ba. Na ce ya ga dama. Kawunku ya zo ya tafi da shi Nguru, ya shiga harkar kifin banda, sunan kuma ya bi shi can. Yau kowa a layin 'yan kifi Sha-Bakwai yake ce masa, har direbobi. Da kunnena na sha jin ana gaishe ni ana cewa, "Wushe Malam, ashe kai ne baban Sha-Bakwai?" in amsa da fara'a. Amsar lissafin tana yawo a bakin mutane daga Gashuwa har Nguru, ana kiran ɗana da ita safe da yamma, ni ban taɓa ɗaukar fensir ba.

Har yanzu wannan ne ya fi ɗaure mini kai. Raka'a nawa nake yi ta farilla kowace rana? Biyu da huɗu da huɗu da uku da huɗu. Goma sha bakwai. Kullum ina kai goshina ƙasa a kan adadin nan, ina roƙon Allah Ya nuna mini gaskiya Ya ba ni ikon bin ta.

Kin taso kin ga yadda muke da yayanki. Yakan zo ranar Salla, ya durƙusa a ƙofar zaure, ya ce, "Baba, barka da Salla," in ce, "Barka kadai, ya kasuwa?" ya ce, "Alhamdulillahi," kafin la'asar ya koma tasha. Mutane suna yaba mu, wai kunyar ɗan fari ce. Gaskiya ne a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, mahaifina bai taɓa kiran na wanmu ba, ni ma ko a aji "kai" nake ce wa nawa. Amma kunyar ɗan fari so ne da aka lulluɓe. Tawa ba ita ba ce. Ni jira nake ya zo ya ba ni haƙuri, al'adar kuma ta zame mini mafaka mai kyau, babu wanda zai tambaye ni me ya sa ba ma hira. Kada ki taɓa ɓuya a bayan al'ada ko addini don ki guje wa abin da ya wajaba a kanki. Mutane ba za su gane ba, amma ke kin sani.

Da na dawo daga masallaci jiya na shiga wurin Innarku da takardarki a hannu. Na ce, "Yaron nan gaskiya ya faɗa." Ban ce wane yaro ba, ban ce wace rana ba. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar shinkafar da take yi. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin sani? Ta yaya?"

Ta ce, "Ni ban san lissafi ba, Malam, kai ka faɗa. Amma na san ɗana. Da ƙarya yake yi, da tun bulala ta uku ya janye."

Ta tashi ta buɗe adakarta, ta ɗaga zannuwan da ke ƙasa, ta ciro littafi ta miƙo mini. Littafin yayanki ne, na ran nan. Bangon ya yi laushi, takardun sun yi ja. Na buɗe, ga gicciyena na jan biro, har ya yaga takardar a tsakiya don ƙarfin da na sa. A ƙarƙashinsa ga rubutunsa, ƙanana, a tsare, layi bayan layi, irin yadda na koya masa. Kafin wannan shafi akwai waɗansu: ya gwada bakwai, ya gwada sha ɗaya, ya gwada sha uku, daidai inda na tsaya, sannan ya wuce. A ƙasan shafin ƙarshe ga hamsin da ɗaya, ga sifili, ya zagaye sifilin sau biyu. A gefe kuma ya rubuta, "In nuna wa Baba."

Na yi kuka, Hajara. A gaban mahaifiyarki, ina da furfura, na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Murna ya zo da ita ran nan. Kyauta ya kawo mini.

Ga abin da nake so ki yi. Kin ce sai ranar Juma'a za ki wuce Kano. Ni zan shigo motar safe ranar kasuwar Nguru, da littafin a aljihuna. Kada ki ce masa ya zo tasha ya tarye ni, kada kuma a yi mini girki. Rumfarsa zan je, lokacin da layin 'yan kifi ya cika. A gaban jama'a na doke shi, a gaban jama'a zan ce shi ne mai gaskiya. Shekarun karatunsa da na cinye ba zan iya mayar masa ba, wannan sai dai Allah.

Ba na tsoron ya yi mini faɗa, da ma zai yi. Abin da nake tsoro shi ne ya durƙusa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba," irin yadda ya saba, ya kawo mini ruwa, ya raka ni mota, mu koma inda muke. In kin ga alamar haka, ki taimake ni. Ke kika buɗe wannan ƙofa, ki tsaya kusa kada ta rufe.

Na gode miki, 'yata. Kin gyara wa ubanki kuskure ba tare da kin kunyata shi ba, kin fi ni iya malanta tun ba ki fara ba. Allah Ya yi miki albarka, Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da malamai masu duba littafi kafin su ja biro. Allah Ya raba ki da sharrin mutum da aljan, Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema.

Ki gaida matar yayanki da jikokina. Shi kuma, in kin ga ya natsu bayan ya dawo daga kasuwa, ki miƙa masa wannan takarda, ki nuna masa layin nan na ƙasa ya karanta da idonsa, don bai taɓa ji daga bakina ba.

Mustafa, ɗana, na duba.

Wassalam.

Mahaifinku,
Malam Adamu, Gashuwa.